Mercedes 1117, Renault Midliner ko Atego: wacce za ta maido ka Damagaram da ƙafarta?

Ɗan kawuna ya dawo daga arewa bayan shekara uku yana haƙar zinariya, da ɗan abin da Allah ya hore masa a ƙulle, ya ce shi da rami sun yi bankwana. Babbar mota yake so ya saya, matsakaiciya, ya riƙa bin kasuwanni da ita: wake da riɗi daga Magarya, rake daga Matamaye, hatsi zuwa Tanut, in ta kama ya leƙa Diffa ya ɗauko tattasai. Bayan isha'i ya same ni a dakalin ƙofar gida a Birni, muka gaisa, ya miƙo mini waya. Hotunan motoci uku ne dillalai suka turo masa. Ta farko Mercedes 1117, fentinta ya koɗe, an ɗinke kujerar direba da buhu. Ta biyu Renault Midliner M180, fara, har yanzu da rubutun Faransanci a jikin ƙofa. Ta uku Atego 1218 ƙirar 2003, tana ƙyalli kamar amarya. Ba sai ya faɗa ba, na ga hoton da yatsansa ya fi daɗewa a kai.

"Yaya, in kai ne wacce za ka ɗauka?"

Ni ba makanike ba ne. Shekara goma sha ɗaya na yi ina riƙe wa marigayi mahaifinmu lissafin motocinsa biyu, ni ake aika sayen kayan gyara, ni ake tasa da tsakar dare in mota ta tsaya a daji. Saboda haka idona ba ya zuwa inda idon direba yake zuwa. Direba yana duba taushin sitiyari da sanyin ɗaki. Ni tambayata ɗaya ce: ranar da ta mutu tsakanin Bakin Birji da Tanut, wa zai tashe ta, da me, kuma kwana nawa kayan mutane za su yi a rana kafin nan? Kowacce cikin ukun nan za ta mutu a hanya wata rana, tunda ƙaramarsu ma ta ba shekara ashirin baya. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Kafin komai sai da na karanta masa lambobin da ke jikin ƙofa, don nan mutane suke fara cutar kansu. A wurin Mercedes, 11 ɗin da ke cikin 1117 tan goma sha ɗaya ne, amma nauyin mota da kayanta gaba ɗaya ake nufi, 17 ɗin kuma ƙarfin doki 170. In ka cire nauyin motar da bodinta, abin da ya rage maka na kaya bai wuce tan shida da ɗan wani abu ba. Haka 1218 take, tan 12 da doki wajen 180. A Renault kuwa 180 ɗin ƙarfin inji ne kawai, nauyin yana cikin lamba ta biyu da ke biyo bayansa, ko ka duba shi a kartagiris, wato takardar rajistar mota. Buhun wake ɗari mai kilo ɗari-ɗari tan goma ne cif. Wanda ya loda wa ɗaya daga cikin motocin nan haka ya bi hanyar ƙasa da ita, kada ya zo yana zagin lam ɗin baya, wato sifirin, in sun kakkarye.

Na fara masa da Mercedes ɗin, don ita na fi sani. 1117 ƴar gidan motocin nan ce masu shafaffen goshi da aka fara ƙerawa a Jamus a 1984, aka daina a 1998 lokacin da Atego ta gaje su, irin su 814 da 817 da 1120. Injinta OM 366 ne, silinda shida a jere, kusan lita shida. Shi kuma ɗan OM 352 ne, injin tsofaffin masu hanci, 911 da 1113, wanda aka fara yi tun 1964. Wannan dangantaka ita ce dukiyar motar. An sa injinan nan biyu a motocin kaya da bas-bas, da Unimog ta sojoji, da taraktoci, da janareto. An ƙera su a Jamus, an ƙera su a Brazil inda 1113 ta zama motar kowa da kowa, kuma daga farkon shekarun 1980 kamfanin ANAMMCO ya yi shekaru yana harhaɗa manyan motocin Mercedes a Enugu. Abin da aka yi da yawa haka, kayansa ba sa yankewa. Har gobe akwai masana'antu a Brazil da Turkiyya da wasu ƙasashe da ke buga masa fistan da ringi da famfon ruwa sababbi. Kuma da wuya ka samu garajin manyan motoci daga nan har Agadas da babu dattijon da ya koyi aiki a kan injin nan.

Babu ƙwaƙwalwar lantarki a cikinsa. Famfon gazuwal na Bosch ne mai jere, injin ne yake juya shi da haƙora, shi yake auna mai ya tura wa kowace silinda ta bututun ƙarfe. In akwai mai mai tsabta, akwai iska, batir ya iya juya shi, zai tashi. Ko alternater mai cajin batir ya mutu a hanya, in dai yana aiki ba ka kashe ba, zai kai ka gari da rana.

Wata shekara cikin watan Afrilu, ana tsakar zafin nan da kwalta take narkewa, direbanmu ya kira ni. Ya wuce matatar mai ta SORAZ da ɗan nisa, mota cike da hatsi, sai ta fara ja da baya a ƙaramin hawa, ta yi tari sau biyu uku, ta mutu. Ya yi ta buga mata makulli har batir ya fara kasala. Ya riga ya yanke hukunci cewa famfo ya tafi, a nemo motar da za a juye kaya. Na je Zango na ɗauko wani tsohon makanike da dukanmu muke ce wa Baba, ya zuba kile, wato sifana, guda huɗu da filta ɗaya da tsumma a ƴar jakar fata, muka shiga motar haya. Da muka isa bai ce wa kowa komai ba. Ya sa aka ɗaga ɗakin direba, ya tsuguna gefen famfo, ya share wani ɗan kofin gilashi da ke ƙarƙashin ƙaramin famfon da ke jawo mai daga tanki, ya ce mini in sunkuyo. Gazuwal a sama, a ƙasansa wani ruwa-ruwa mai launin tsaki, da baƙin dusa a kwance. Ruwa ya fi gazuwal nauyi, kullum ƙasa yake zama.

"Yaro, ina ka sha mai?" ya tambayi direba.

Direba ya sunkuyar da kai. Jarka biyu ya saya a bakin hanya don ya rage kuɗi.

Baba ya kwance kofin ya wanke ƴar rariyar da ke ciki, ya sassauta murfin ƙasan tanki ya zubar da abin da ya kwanta har mai ya fito garau, ya canza filta. Sannan ya buɗe ɗan kusoshin fitar da iska da ke saman gidan filta, ya sa yaron mota ya yi ta danna famfon hannu. Kumfa ta yi ta fita tana tsartuwa, can sai mai zalla. Ya ɗaure. Ya sassauta bututu biyu na nozul mai fesa mai a silinda, ya ce a buga, mai ya feso, ya ɗaure su suna cikin juyawa. Ta kama da silinda uku, huɗu, ta girgiza, ta daidaita. Ba mu cika awa guda a wurin ba. Abin da ya shiga lissafina ranar, filta ɗaya ne da kuɗin mota da goron Baba.

Ɗan kawun nawa ya ce, to in haka ne me zai hana ya nemi tsohuwar 1113 mai hanci, tunda ta fi araha kuma ta fi sauƙi? Na ce masa injinta ba shi da laifi, doki 130 ne ba turbo, yana tafiya a hankali kamar raƙumi kuma ba ya gajiya. Amma waɗanda suka rage a hannun mutane yau an yi musu walda a shasi har ba ka gane ƙarfen asali, birkinsu na mai ne da iska ke taimaka masa, yana son kulawa kullum. Akwai kuma wani hali na OM 352 da ya kamata mai ita ya sani: nozul ɗinsa a ƙarƙashin murfin supap, wato bawul ɗin inji, suke, da siririn bututun da ke maida rarar mai. In bututun nan ya tsage, gazuwal cikin baƙin mai yake zuba. Mai mota ya ja sandar awo da safe ya ga mai ya ƙaru, ya yi murna wai motarsa ba ta shan luwil, alhali mai ya tsinke yana cin kusine, wato metal ɗin inji. Motar wanda yake makanike da kansa ce, ko wanda ubansa makanike ne.

Sai Renault. Ina ganin girman motar nan, kuma ina jin haushin yadda ake raina ta a tasha. Midliner ta fito daga gidan da aka haɗa Berliet da Saviem a 1978, kuma tsofaffin direbobinmu da suka ratsa Tenere da Berliet sun san ba gidan wasa ba ne. An yi ta har shekarar 2000, Midlum ta karɓe ta. M180 tana ɗauke da injin MIDR 06.02.26, silinda shida, lita 6.2, da turbo da na'urar sanyaya iska. Sunan ma bayani ne: 06 yawan silinda, 02 faɗin silinda milimita 102, 26 tafiyar fistan milimita 126. Shi ma famfonsa na ƙarfe ne ba lantarki, duk abin da Baba ya yi a hanyar Tanut zai iya yi mata. Tana da ja a yashi, ɗakinta da faɗi, kuma tana da abin da sauran ba su da shi a ƙasar nan: littattafanta da Faransanci aka rubuta su tun asali. Duk yaron da ya yi kolej zai iya zama kusa da makanike ya karanta masa shafi.

Abu biyu ake dubawa a kanta. Na farko, sunan Midliner bai gaya maka injin da ke ciki ba. Akwai masu silinda huɗu, akwai wasu ƙanana masu injin Perkins na Ingila, akwai tsofaffi masu injin lita biyar da rabi. Sai ka ɗaga ɗaki ka karanta farantin injin da idonka. Haka famfon: a kan wasu mai jere ne, a kan wasu mai juyawa. Bambancin ba ƙarami ba ne a wurinmu. Ƙasan famfo mai jere baƙin man inji ne yake jiƙa shi, amma mai juyawa gazuwal ɗin da yake turawa shi ne man shafawarsa. Ka ba shi mai da ruwa ko wanda aka sirka da kananzir, cikinsa ne yake cinyewa, kuma wannan ba gyaran gindin bishiya ba ne.

Na biyu shi ne ya fi nauyi, wato inda kayanta suke. Mu a Damagaram kasuwar ƙarfenmu Kano ce, kilomita wajen 240, alhali Yamai ta kusa 900. Manyan masana'antun harhaɗa motocin kaya huɗu da Najeriya ta kafa a shekarun 1970 su ne Mercedes a Enugu, Fiat a Kano, Steyr a Bauchi, Leyland a Ibadan. Renault ba ta cikinsu, kuma har yau kana ganin sawun wannan a shagunan Ƙofar Ruwa. Ka ambaci 366, mutum uku za su miƙe. Ka ambaci Midliner, sai a ce bari a kira wani. Kayan cikin injin ana samu in an yi haƙuri. Abin da ke kwantar da mota sati biyu ƙananan abubuwa ne da ba ka taɓa tunani ba: gilashin gaba, bawul ɗin iska na birki, sandar canza giya, marfin tankin ruwa. Irin waɗannan sai daga Yamai, ko daga jikin wata da ta mutu. Tun kuma da hanyar Kwatano ta toshe a 2023, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, jiran ya ƙara tsawo. Masu Renault da na ga suna cin riba, yawanci suna da gawar wata irinta a bayan gida suna yankar nama.

Da muka zo kan Atego sai ya gyara zama. Ban ɓata masa ita ba, don ba ta cancanci ɓatanci ba. Injinta OM 904 ne, silinda huɗu, lita huɗu da kwata, amma yana ba da ƙarfin da tsohon mai silinda shida yake bayarwa, ya kuma fi shi tattalin mai. Birkinta ya fi kamawa, direba yana sauka a Maraɗi bai ji bayansa ya rabu biyu ba, kuma injin ne mai tsawon rai in an kula da shi. Sai dai tsarinsa daban ne. Babu famfo guda ɗaya a gefe. Kowace silinda da nata ɗan famfon a jikin injin, kuma akwatin lantarki da makanikanmu suke kira kalkilater shi yake ba kowanne umarnin buɗewa da rufewa. Shi kuma yana sauraron kapter, wato ƴan na'urorin awo, guda biyu da ke gaya masa inda injin yake a juyawarsa, da wasu masu auna zafi da matsin iska. Matsin man da ake fesawa yana haura bar 1,500, ramukan nozul ɗin sirara ne ƙwarai, ƙurar da tsohuwar za ta haɗiye ta wuce, ita sai ta nuna.

In ta samu matsala tana faɗa, wannan alheri ne. Allon gaban direba yana nuna haruffa irin MR ko FR da lamba, kuma kowace lamba da ma'anarta a littafi. Wanda yake da jerin lambobin nan a waya ya yi rabin aiki. Sau da yawa ma abin bai wuce waya da ta goge a jikin ƙarfe ba, ko soket da ƙura ta cika, ko kan batir da ya yi tsatsa. Amma in abin ya wuce nan sai an jona mata kwamfutar bincike, wadda ake ce wa baliz, kuma mai baliz da ya san abin da yake karantawa ba a kowane gari yake ba. Akwai kuma tarko biyu da suke kama sababbin shiga. Makullinta yana da ɗan guntun lantarki da akwatin ya sani, saboda haka in makulli ya ɓata, ko ka sayo wani akwati okaziyo, wato na hannu, ka ɗaura, ba za ta tashi ba sai an daidaita su da kwamfuta. Sannan ga walda. Motar kasuwa ba ta wata guda ba a taɓa bodinta da wuta ba, kuma mai waldan bakin tasha ya saba da tsofaffin motoci, ba ya cire kan batir balle ya zare soket ɗin akwati. Haka ake ƙona kalkilater a kan gyaran ƙugiyar ƙofar baya. Na kuma ja masa kunne kan waɗanda suka fito daga wajen 2006 zuwa sama, masu ƙaramin tanki na biyu na ruwan AdBlue mai tsabtace hayaƙi, wani nauyi ne da mai mota ɗaya a Damagaram ba ya bukata.

Ya ɗan taɓo maganar Mitsubishi Canter. Na ce mota ce mai kyau, kayanta sun cika Kano, amma ta tan uku ce zuwa huɗu. Lissafin wani aiki ne daban.

Maganar littafi ita ce wadda mutanenmu suke ɗauka wasa. Littafi uku ne, kuma ba aikinsu ɗaya ba. Akwai na direba, mai faɗin irin mai da yawansa da lokacin juye shi da ma'anar fitilun allo. Akwai na garaji, mai faɗin yadda ake kwancewa da ɗaurewa, da awon kowane abu. Akwai na lambobin kaya, mai zanen kowane ƙarfe da lambarsa. A wurin Mercedes na garajin da ke kan kwamfuta WIS ake kiransa, na lambobin kuma EPC, manyan masu sayar da kaya suna da shi, in ka ba su lambar shasi sai su fito maka da zanen. Na tsofaffin injinan kuwa sun daɗe suna yawo a intanet da rukunonin makanikai na WhatsApp da Facebook, wani da Turanci, wani da Jamusanci, wani da yaren Brazil. Kada yaren ya tsorata ka. Zane zane ne, lamba lamba ce. Ka nema da sunan injin, kada ka nema da sunan motar, don littafin OM 352 da aka yi wa Unimog zai yi maka aiki a kan 1113 ta fuskar inji. Na Renault kuwa, ban da na kamfanin, akwai mujallar gyara ta Faransa mai suna Revue Technique Diesel da ta yi bayanin injina da dama dalla-dalla. Ba sai ka buga littafin duka ba. Shafi goma sun isa: awon supap, ƙarfin ɗaure kusoshin kulas, wato kan inji, da jerin da ake bi, saitin famfo, zanen wayoyi. Ka kai a buga, a rufe da leda, a ajiye bayan kujera.

Na san darajar shafin nan ne da kuɗina. An taɓa yi wa 1117 ɗinmu aikin kulas lokacin da Baba ya tafi Hajji, wani yaro mai hannu mai kyau ya yi aikin. A kan 352 ya koya, sai ya saita supap yadda ya saba, 0.20 na shiga, 0.30 na fita. OM 366 kuwa 0.40 da 0.60 yake so. A ido injinan kamar tagwaye suke. Da sanyi tana tashi lafiya, shiru ma ta fi da, har direba yana yabo. In ta yi zafi ƙarfe ya miƙe, supap ba ya rufewa sosai, wuta tana bi ta gefensa. Kafin wata biyu ɗaya ya ƙone, muka sake sauke kulas, sabon juwan, sabon supap, kwana biyar ba aiki ana tsakar kakar wake. Lambobi huɗu ne kawai, kuma suna nan a shafi ɗaya.

Sayen kaya kuma yana da nasa yaren, a zahiri ma yare biyu. Mu nan da bakin Faransa muka koyi ƙarfe, Kano da bakin Ingila. Makanikenka zai ce ka sayo sagama, a can ringi ne. Kusine a can metal ne, bilbareke karanshaf, anjakter nozul, demarer kik, ambrayaj kuloci, juwan kulas kuma tof gasket. Har man ma, mu gazuwal, su gas. Na taɓa tsayawa a shago ina ta maimaita kusine, mai shago yana kallona kamar na zo sayen tukunya. Abin da ke raba wannan gardama lamba ce. Lambar shasi tana da harafi da lamba 17, ta Mercedes ɗin Jamus tana farawa da WDB, ta Renault da VF6. Amma a tsohuwar mota kada ka dogara da ita kaɗai, don mai yiwuwa injin da ke ciki shi ne na biyu ko na uku. Ka goge gefen injin da tsumma da gazuwal ka karanta tasa lambar, za ta fara da 352 ko 366 ko 904. Famfo ma da farantinsa, lamba goma mai farawa da 0 4. Kayan Mercedes lambarsu A ce da lamba goma, na tsofaffin Renault yawanci da 50 suke farawa, kuma sau da yawa tana nan a buge a jikin tsohon ƙarfen. Ka ɗauki hoton duka ka ajiye a waya tun mota tana da lafiya, ba a fafe gora ranar tafiya. In za ka aika, ka tura hoton ƙarfen da ma'auni a gefensa. In da hali ka ba direban da ke bin Matamaye da Ɗan Barto tsohon ya tafi da shi a gwada, gobe da yamma kayanka suna tasha. Watannin da iyakarmu da Najeriya ta yi a rufe, daga bayan Yulin 2023 zuwa Maris 2024, sun nuna wa kowa yadda garejinmu suke numfashi ta hancin Kano, kuma masu Mercedes ne suka fi samun abin lallaɓawa a cikin gari, don gawarwakinta sun fi yawa.

Tsakanin sabo da okaziyo, ga yadda nake rabawa. Abin da ke cinyewa, wato filta, ringi, kusine, juwan, bel, bakin nozul, sabo nake saye, kuma wurin mutumin da zan iya komawa in yi masa ƙorafi. Abin da ƙarfe ne zalla, irin kulas da bilbareke da gidan giya da demarer, na asali da aka ciro daga wata mota ya fi mini sabon da ban san inda aka zuba shi ba. Filta ce aka fi yi wa jabu. Kwali mai kyau, tambari daidai, ka ɗaga ka ji ba nauyi, ka yanka ka ga takarda ƴar kaɗan. A ƙasar da hunturu yake cika iska da ƙura wata uku, araha a kan filtar iska ita ce hanya mafi sauri ta sayen ringi.

Na ce masa ga yadda zan yanke. In aikinsa kwalta ce, Damagaram zuwa Maraɗi zuwa Yamai, mai daga gidan mai kullum, kuma zai iya ajiye kuɗin ko-ta-kwana mai kauri, Atego za ta biya shi ta wajen mai. In Renault ɗin ta faɗo ƙasa sosai a kuɗi, famfonta mai jere ne, kuma ya san inda gawar wata take, ba zan hana shi ba. Amma aikin da ya lissafa mini na kasuwannin ƙauye ne, hanyar ƙasa, yashi, ramuka, lodin da ba a aunawa, direban da wata rana zai sha mai a jarka komai faɗan da aka yi masa. Kuma mota ɗaya gare shi, ba ta biyu da za ta riƙe gida in wannan ta kwanta. Wannan aikin 1117 ce, in ta ci jarrabawa.

Muka yi da dillali za mu zo da hantsi, muka je tun an idar da asuba, ni da shi da Baba. Da gangan ne. Inji mai ciwo in an ɗumama shi kafin ka zo yana ɓoye rabin ciwonsa. Baba ya ɗora tafin hannu a jikin injin ya ji sanyi ƙalau, sannan ya ce a buga. Bugu ɗaya ta tashi, ta yi ɗan farin hayaƙi, ya washe cikin minti guda. Baƙin hayaƙi mai yawa rashin iska ne ko nozul da suka gaji, shuɗi baƙin mai ne yake ƙonewa, farin da ba ya ɗaukewa kuwa ko ruwa ko saitin famfo. Ya buɗe marfin radiyater ya daɗe yana kallo ko kumfa za ta taso, ba ta taso ba. Ya sa hannu a bakin bututun numfashin injin, huci kaɗan ne. Ya shinshina sandar awon mai. Sannan ya bi bututun nozul ɗaya bayan ɗaya yana sassautawa da kile, kowanne injin ya rage murya, sai na biyar da bai canza sosai ba. A kan tsohuwa ake wannan gwajin, ba a yin sa a motocin zamani masu bututun matsi na gama-gari, man da ke cikinsu yana huda fata.

"Alhaji, na biyar ɗin nan barci yake," Baba ya ce wa mai motar. Mai motar ya yi dariya ya ce ai shi ma ya sani.

Ni kuma na shiga ƙarƙashi da tocila ina bin shasi, musamman wajen maƙalan lam da duk inda na ga sabon fenti. Walda ɗaya na samu, a gicciyen baya, ba a kan dogon ƙarfen ba. Na gwada lambar shasi da ta kartagiris da ta takardar duwan, wato kwastan, harafi da harafi, suka yi daidai. Lambar injin ta fara da 366.

Aka yi ciniki har azahar, nozul na biyar da tayoyin baya biyu suka rage mana wani abu. Na hana shi taɓa abin da ya rage a hannunsa don fenti, duk da ya so. Muka sayi batir biyu, filta bibbiyu na mai da na iska, saitin bakin nozul shida daga Kano, da bel na ajiya. Shafukan nan goma suna bayan kujera cikin leda. Ranar Alhamis ya yi lodinsa na farko daga Kasuwar Dole, buhu sittin, na tsaya na ƙirga da kaina.